Wayar gari ɗaya ko kowa da tasa? Amsar da na ba ƙungiyar ƙauyenmu

Da aka biya kuɗin auduga bana, ƙungiyar manoman ƙauyenmu da ke can gabas da Pitoa, a arewacin Kamaru, ta tarar da ɗan rara a asusunta. Ba wani kuɗin a-zo-a-gani ba ne, amma ya isa a yi abu guda da shi. Aka zauna gindin darbejiya bayan la'asar. Kowa ya yarda matsalar waya ce ta fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya, sai dai wajen maganinta aka rabu gida biyu. Dattawa suka ce a sayi waya ɗaya mai kyau, a sa mata layi ɗaya, a ajiye ta a shagon bakin masallaci, kowa ya ba 'yan'uwansa na birni lambar. Samari suka ce wannan tsohon yayi ne, a raba kuɗin, kowane gida ya cika ya sayi tasa. Kawuna ya kira ni nan Garwa ya ce, "Ɗana, kai da kake ganin waɗannan abubuwa kullum, wanne za mu yi?" Kafin ya same ni sai da ya taka har tudun bayan maƙabarta, domin nan kaɗai rezo, wato siginar waya, ke kamawa, kuma sau biyu magana tana yankewa.

Na ce masa, "Kawu, ku ba ni kwana biyu." Abin da na rubuta a nan shi ne abin da na auna a kwanakin, kuma na san ƙauyukan da ke cikin irin wannan shawara suna da yawa, daga Gidar har Tuboro.

Kuskuren farko da ake yi a irin wannan zama shi ne a ɗauki "waya" tamkar abu guda. A birni haka take, domin komai yana aljihunka. A ƙauye kuwa ta rarrabu. Akwai ita kanta wayar da ake riƙewa, akwai layi, wato ɗan katin nan mai ɗauke da lamba, akwai wutar da za a yi caji, sannan akwai rezo. Mutum zai iya mallakar biyun farko ya rasa biyun ƙarshe, wayarsa ta zama abin haska hanya da dare kawai. Dattawanmu suna maganar rezo da caji ne ba tare da sun ambace su ba, samari kuma suna maganar layi. Shi ya sa kowane ɓangare yake ganin ɗayan bai fahimce shi ba.

Bari in fara da shawarar dattawa, domin tana da ƙarfin da samari ba su ba ta ba.

Wayar da ke zaune wuri ɗaya ana iya yi mata abin da ba a iya yi wa wayar aljihu. Ana kafa doguwar sanda ko bututun ƙarfe, a ɗaura eriya mai haƙarƙari a samansa, a juya bakinta ya fuskanci inda ƙarfen kamfani yake, a jawo igiya zuwa wayar tebur mai cin layi. Eriyar nan tana tattaro siginar da wayar hannu ba ta ko jin ƙanshinsa, saboda tana sama, kuma tana kallon gefe ɗaya maimakon ta warwatsa ƙarfinta ko'ina. Tsarin wayar hannu na asali, wato GSM, yana iya kaiwa kilomita 35 daga ƙarfen kamfani, amma wayar hannu ba ta kusantar haka in akwai tuddai da itatuwa a tsakani. Da damina ma abin ya fi muni, domin ganye ya cika, kuma jiƙaƙƙen ganye yana shanye sigina. Wanda ya zauna ƙauye ya san wurin da yake samun sanda biyu na sigina a watan Maris yakan koma babu ko ɗaya a watan Agusta, daidai lokacin da mayo, wato rafi, ya kawo ruwa, babur ba ya haurawa, zazzaɓin cizon sauro kuma yana kwantar da yara. Wato lokacin da aka fi bukatar waya shi ne lokacin da wayar aljihu ta fi gazawa.

Wannan dabara an gwada ta a wasu ƙasashe ta kuma yi aiki. A Bangaladash, tun 1997, tsarin bankin Grameen ya riƙa ba matan ƙauye rancen sayen waya, suna sayar wa maƙwabta minti, suna biyan bashin daga ribar. A 2003 aka kawo irinsa Uganda tare da MTN, kuma kayan da ake ba mai wayar sun haɗa da eriyar sama da abin caji. Mu ma a nan mun san kolbos, laima da ɗan tebur da wayoyi biyu ko uku, tun bayan da MTN ta sayi reshen wayar hannu na Camtel, kamfanin tarho na gwamnati, a 2000, kamfanin Mobilis kuma ta koma Orange a 2002. Da yawanmu kiran farko da muka yi a rayuwa a gindin laimar nan muka yi shi.

Wani amfanin wayar gari shi ne kullum a kunne take, kuma kullum da mutum kusa da ita. Ɗanka da ke dako a Duwala ko gadi a Yawunde ba sai ya yi ta gwada lambobi biyar ba. Ya kira lamba ɗaya, a tura yaro ya kira mahaifiyarsa, ya sake bugowa bayan minti goma. Tsohuwar da ba ta iya karanta lamba, ba ta san inda ake dannawa a amsa ba, wannan tsari ya fi mata komai sauƙi. Haka wanda ba shi da katin shaida. Kuma irin waɗannan ba kaɗan ba ne a wajenmu, domin mutum da yawa an haife su a gida ba a yi musu takardar haihuwa ba, kuma ba a samun katin shaida sai da ita.

To ina matsalar take? Tana cikin layin, ba cikin wayar ba.

Na farko sirri. A Amurka, farkon ƙarni na 20, manoma sukan haɗa kuɗi su ja igiyar tarho ɗaya ta bi gidaje da yawa. Kowane gida yana da irin ƙarar kiransa, wani doguwa ɗaya da gajeru biyu, wani akasin haka. Amma duk wanda ya ɗaga kan tarhonsa yana jin abin da ake faɗa, kuma an san maƙwabta suna saurare. Namu bai kai haka a fasaha ba, amma a zahiri ɗaya ne. Shagon bakin masallaci ba ya rabuwa da mutane. Matar da mijinta ya yi wata takwas a kudu bai aiko da komai ba, a gaban majalisar maza za ta tsaya ta tambaye shi? Yarinyar da ke son gaya wa yayarta abin da ke damunta a gidan miji fa? Ba za su je ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma ba kowane mai shago ne ya san haka ba, kuma ko shi ya kame bakinsa, benci yana da kunnuwa. A ƙarshe wayar da aka saya da kuɗin kowa sai ta zama ta maza, alhali mata ma sun tsinci audugar.

Na biyu kuɗi, kuma a nan ne zamani ya bar shawarar dattawa a baya. Lokacin da aka yi wayar gari a Bangaladash, lamba abin magana ce kawai. Yau lamba jaka ce. Tun wajen 2010 da 2011 da MTN Mobile Money da Orange Money suka fara aiki a Kamaru, yawancin abin da ɗan birni ke aika wa iyayensa ta layi yake bi. In gari yana da lamba ɗaya, kuɗin gida talatin asusu ɗaya za su shiga, lambar sirri kuma mutum ɗaya ne ya san ta. Na ga abin da wannan ke haifarwa da idona. Shekarun baya na aika wa gwaggona kuɗin magani ta layin wani mai shago a ƙauyensu, mutumin kirki wanda ba a taɓa jin ya ci na kowa ba. Ranar kuwa ya tafi kasuwar shanu ta Adumri, daga can ya wuce gaisuwar mutuwa, ya kwana uku. Kuɗin suna cikin waya, wayar tana aljihunsa, jikar gwaggo tana kwance. Sai da aka sayar da akuya a wulaƙance. Ba wanda ya ci amana, amma an yi asara. Ballantana in aka sami wanda zai riƙa juya kuɗin mutane a shagonsa kafin ya ba su. Ga kuma kuɗin cirewa, ga harajin kashi 0.2 cikin 100 da gwamnati ta ɗora kan aikawa da cirewa tun Janairun 2022. Ƙananan kuɗi ne, amma in ba a rubuta wa zai biya ba, su ne ke raba zumunci.

Na uku shi ya fi ba ni tsoro. Dokar da aka sa wa hannu a Satumban 2015 ta wajabta a yi wa kowane layi rajista da katin shaidar mai shi, kuma mutum ɗaya ba zai wuce layi uku a kamfani ɗaya ba. Ma'anarsa, layin gari a idon hukuma ba na gari ba ne, na wanda ya ba da katinsa ne. Duk kiran da aka yi da shi, sunansa ke kai. Mu da muke kusa da Mayo-Rey mun san irin faman da aka sha da masu garkuwa da mutane a shekarun nan, kuma da waya suke cinikinsu. Baƙo ya zo ya biya sefa ɗari ya yi kira minti ɗaya ya tafi. In lambar da ya kira tana cikin wani bincike, jandarma ba za su nemi baƙon ba, mai rajista za su nema. Haka nan in layin ya ɓata ko ya lalace, ba wanda zai iya karɓo sabonsa da lambar nan sai shi da katinsa. In ya rasu ko ya yi ƙaura, lambar da aka raba wa dangi a Duwala da Marwa da Yola ta tafi ke nan, har da abin da ke cikin asusun sai an sha wahala.

Akwai kuma batun ko sana'ar za ta riƙe kanta. Ribar sayar da minti ta ragu ƙwarai tun da kamfanoni suka fito da forfe kala-kala, wato kunshin minti mai rahusa, wayoyi kuma suka yi araha. Masu kolbos da suka rage a Garwa yawancinsu da tura kiredi da hada-hadar kuɗi suke ci, ba da kira ba. Ƙungiyar da ta sa rai kuɗin minti zai biya mai tsaro ya kuma sayi sabon batir, za ta ji kunya.

Yanzu shawarar samari. Kowa da wayarsa, kowa da layinsa, kowa da lambar sirrinsa. Duk matsaloli ukun da na ambata sun kau nan take. Mace ta shiga ɗakinta ta yi maganarta. Kuɗinka su faɗo aljihunka, ka danna *126# in kana MTN ko #150# in kana Orange ka gani da idonka. Abin da ka yi da layinka kai ne za ka amsa shi. Ƙananan wayoyi masu maɓalli irin na Itel da Tecno kuma suna da juriya, batirinsu yana kwanaki, ga tocila ga rediyo.

Amma wannan shawara ba ta taɓa matsalar da ta sa aka zauna ba. In aka raba kuɗin, gida talatin za su sami waya talatin, kuma duka talatin ɗin sai sun hau tudun bayan maƙabarta. Wayar da ke ɗaki ba rezo ba a samunta, don haka ɗan birni zai yi ta bugawa ana ce masa a kashe take. Da tsakar dare mace tana naƙuda, wa zai tafi maƙabarta neman sanda ɗaya? Caji ma haka. Babban tushen wutar arewa shi ne madatsar Lagdo, wadda aka gama a 1982, kuma ko mu da muke birni mun san yadda ake rabon wuta in ruwa ya ja baya. Ƙauyenmu kuwa turakun ma ba su iso ba. Abin da ake yi shi ne a tara wayoyi a leda ranar Lahadi, a ba mai zuwa kasuwar Pitoa ya kai wurin mai janareto. Wata ta dawo da batirin wani, wata ta dawo rabin caji, wata ba ta dawo ba. Kuma rabon kuɗin zai bar waɗanda suka fi bukata a baya: gwauruwa, tsoho, da marar katin shaida. Wanda ba shi da kati zai roƙi wani ya yi masa rajista da sunansa, sai mu koma matsalar da muka gudo daga gare ta, a ɓoye wannan karon.

Wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: layin da ya daɗe ba a sa masa kiredi ba, ba a kira da shi ba, kamfani yana rufe shi ya ba wani lambar. Manomi yana da kuɗi bayan kaka, ba shi da su da bazara. Layukan ɗaiɗaiku da yawa a wannan tsakanin suke mutuwa.

Da na jera su haka sai na ga ba dole a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya ba, amma kuma ba rabawa daidai za a yi ba. Abin da ke da tsada, wanda ba ya ɗauke da sunan kowa, shi ya kamata a haɗa: sanda, eriya, farantin sola, batir, da wayar tebur. Abin da ke da araha amma yake ɗauke da suna da sirri da dukiya, wato layi, kowa ya riƙe nasa.

A aikace ga yadda zai kasance. A nemi wayar tebur mai gurbin layi biyu da wurin ɗaura eriyar waje. Gurbi ɗaya a sa layin ƙungiya, ba a cire shi, aikinsa karɓar kira da neman agaji: asibiti, mai babur, jandarma a 113, 'yan sanda a 117. Wannan layi kada a buɗe masa asusun kuɗi ko kaɗan, kuma a gaya wa dangi ƙarara cewa ba a aika kuɗi ta kansa. Gurbi na biyu a bar shi fanko. Mai son kira ko duba kuɗinsa ya zo da layinsa, ya sa, ya yi abin da zai yi, ya cire ya tafi. Layi ba ya bukatar caji, ana iya naɗe shi a takarda a sa a cikin adaka. Lambobin dangi a ajiye su a kan layin, ba a kan wayar ba. Aibinsa biyu ne kuma ban ɓoye wa kawu su ba. Yawan sawa da cirewa yana sassauta gurbin, don haka a koya wa mutum biyu ko uku su riƙa yi a hankali. Sannan saƙon da aka aiko maka ba ya shigowa sai layinka yana cikin waya, kuma kamfani ba ya riƙe shi har abada, sai dai kuɗin da aka turo suna nan a asusu ko saƙon bai iso ba.

Wajen wuta, lissafin yana da sauƙi. Batirin ƙaramar waya yakan ɗauki awa-wat 3 zuwa 4 (ma'aunin wutar da batir ke riƙewa ke nan), na babbar waya mai shafawa kuwa yakan kai 15 zuwa 19. Wato cajin babba ɗaya ya kai na ƙanana huɗu ko biyar. Faranti mai wat 50, a rana irin tamu, ko an cire abin da ke salwanta a hanya, yana iya ɗaukar wayar tebur ya kuma cika ƙananan wayoyi fiye da ashirin a yini. Nan ne kuɗin shiga yake, ba a sayar da minti ba: mai waya ya biya ɗan abin da ya gaza abin da yake biya a kasuwa, a tara don ranar da batir zai mutu. Zai kuwa mutu. Zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 yana rage masa kwana, don haka a ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, ba ƙarƙashin kwano ba. Kada a yaudaru da arahar tsohon batirin mota, an yi shi ne don ya tada inji nan take, ba don a tsotse shi kullum ba. Da hunturu kuma a riƙa goge farantin kowace safiya, ƙura tana rage masa ƙarfi sosai. Na'urar nan da ake tallarta wai tana ƙara rezo ga gari duka, ban ba da shawararta ba. Marar inganci tana dagula siginar wasu, kuma irin waɗannan kaya sai waɗanda hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, wato ART, ta amince da su.

Wane kamfani? Wannan ba a yanke shi a majalisa. A ari layin MTN da na Orange, da na Camtel in ana samunsa, a hau inda za a kafa sandar a gwada, da safe da dare, in da hali har bayan ruwan sama. In biyu sun yi kunnen doki, a duba wanne yawancin 'ya'yan gari da ke waje suke kai, domin kira cikin kamfani ɗaya ya fi sauƙin kuɗi, a kuma duba wanne ke da wakilin cire kuɗi a kasuwa mafi kusa. Ƙauyukan bakin iyaka su yi hattara, eriya tana iya kamo rezon Najeriya ko na Cadi, kiredi ya ƙare ba a san dalili ba. 'Yan'uwanmu na Cadi kuwa tsarin ɗaya ne, sai dai tsakanin Airtel da Moov Africa, wadda da ake kira Tigo, za su yi gwajin.

Inda za a ajiye wayar ya fi wane kamfani muhimmanci a wurina. Ban yarda da shagon bakin masallaci ba. Na ce a nemi gidan dattijuwa wadda mata ke shiga ba tare da an tambaye su ba, mai zaure da maza za su iya tsayawa, a sa wayar a ɗan ɗaki mai ƙofa. Layin ƙungiya a yi masa rajista da sunan wanda ba ya tafiya ci-rani, a rubuta a littafin ƙungiya gaban jauro, wato mai gari, cewa na jama'a ne. Baƙon da ba a sani ba kada ya kira da shi. In larura ce, a rubuta lambar da ya kira da ranar.

Akwai ƙauyen da wannan duka bai shafa ba. In rezo yana kamawa har cikin ɗaki, ba ku bukatar sanda ko wayar tebur, ku sa kuɗin a sola kawai, samarinku sun yi gaskiya. In kuma ko a saman sanda babu sigina, waya ba za ta ƙirƙiro shi ba, gara kuɗin su tafi wani aikin.

Da na gama yi wa kawu bayani ya yi shiru, sannan ya tambaye ni su gwaggo fa da ba su da katin shaida. Na ce kafin su samu za su karɓi kira ta layin ƙungiya, kuɗinsu kuma ya bi ta layin ɗa ko jika na cikin gida, ba na mai shago ba. Na kuma roƙe shi in wani abu ya ragu bayan an sayi batir, a ware shi don kuɗin mota da na takardu, a fara da mata biyar a kai su a nema musu takardar haihuwa ta kotu. Ya ce zai kai maganar gaban jama'a ranar Juma'a bayan an sauko, kuma in turo masa layukan gwajin da direban da ke zuwa kasuwar Lahadi.